Tambaya: Yaya Salisbury ya riƙe mulkin Ingila shekara 13, kuma mene ne hannunsa a zuwan Turawa Bauchi?

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum malamaina. Duk inda aka tayar da maganar zuwan Turawa ƙasar Bauchi da Gombe, sunan Lugga ake kamawa, wani lokaci a haɗa da Goldie na Kamfanin Neja. To amma Lugga ma'aikaci ne, turo shi aka yi. Firaministan da ke kan kujera a Landan ranar da aka ɗaga tuta a Lokoja, 1 ga Janairun 1900, har zuwa shigar sojoji Bauchi a 1902, Salisbury ne. Abu biyu nake roƙon a warware mini. An ce bai yarda da ƙuri'ar talaka ba, kuma bai taɓa karawa da kowa a zaɓe ba. Ta yaya irin wannan mutum ya yi firaminista har sau uku a zamanin da ake ƙara yawan masu zaɓe? Na biyu, yana da hannu kai tsaye a abin da ya same mu, ko dai sunansa ne kawai a saman takarda?

Mai Alli (Ƙofar Ran, Bauchi):

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta farko ba ta warwaruwa sai an fara daga gona, don daga can ƙarfinsa ya taso.

Sunansa na yanka Robert Cecil, an haife shi a 1830 a Hatfield, gidan kakanninsa da ke arewa da Landan. Salisbury sunan sarautar gidan ne, ita ce ta biyu a daraja cikin sarautun gado guda biyar na Ingila. Gidan ya daɗe a fada, tun William Cecil, babban wazirin Sarauniya Elizabeth ta Farko. Filayensu sun kai kimanin eka 20,000, suna kawo sama da fam 30,000 a shekara, a lokacin da leburan gona bai cika wuce sule 15 a mako ba.

Abin lura shi ne yadda suke gado. Mu idan mai gida ya rasu ana raba gona bisa shari'a, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kafin jikoki gonar ta tsinke gida-gida. Su a wancan zamani babban ɗa namiji ke kwashe komai: sarauta, gida, fili, da kujera a Majalisar Iyayen Ƙasa, wato majalisar masu sarautar gado wadda ba a zaɓen 'ya'yanta. Sannan sukan ɗaure filin da takarda, yawanci idan magaji ya balaga ko zai yi aure, ta yadda mai riƙe da shi amfani kawai yake ci, ba shi da ikon sayarwa. Shi ya sa ƙididdigar filaye ta shekarun 1870 ta nuna mutum kimanin 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar. Mai fili ba ya noma da kansa. Manomi ne ke karɓar haya, galibi ta shekara-shekara, shi kuma ya ɗauki leburori. Kafin 1872 a bainar jama'a ake faɗin wanda aka zaɓa, ana rubutawa. Ɗan hayar da ya saɓa wa mai fili ya san sabunta hayarsa tana hannun wa.

Haka Robert ya shiga Majalisar Wakilai a 1853 yana ɗan shekara 23. Mazaɓar Stamford tana aljihun danginsa na gidan Exeter, aka ba shi ba hamayya, kuma ya riƙe ta shekara 15 ba wanda ya fito ya ja da shi. Ba shi ne babban ɗa ba, ga shi ya yi aure a 1857 ba da son mahaifinsa ba, sai ya koma rubuce-rubucen siyasa a mujallu don ciyar da gida. A nan ra'ayinsa ya fito fili: idan mafi yawan masu zaɓe ba su da dukiya, za su yi amfani da ƙuri'a su ɗora haraji kan masu ita. Yayansa ya rasu 1865, mahaifinsa 1868, sai sarauta ta faɗo kansa, ya koma majalisar da ba a zaɓe.

Shekara biyu za ka ɗora a sikeli, 1867 da 1884. A 1867 yana ministan harkokin Indiya, jam'iyyarsa ta Konzabatib ƙarƙashin Derby da Disraeli ta kawo ƙudirin bai wa magidantan birane ƙuri'a. Ya ajiye muƙaminsa, ya yi ta caccakar Disraeli, ƙudirin kuma ya wuce ba tare da shi ba. Bai tsira da komai ba. A 1884 da Gladstone na jam'iyyar Libaral ya kawo irin wannan don mutanen karkara, sai ya sake salo. Bai ce a'a ba. Ya sa Majalisar Iyayen Ƙasa ta riƙe ƙudirin, ya ce ba zai wuce ba sai an zauna da shi an sake yanka mazaɓu. Aka zauna a watan Nuwamba, dokar ta fito a 1885. Garin da bai kai mutum 15,000 ba ya rasa kujerarsa ta kansa, wanda bai kai 50,000 ba aka rage masa ɗaya cikin biyu, kusan duk ƙasar ta koma mazaɓa ɗaya wakili ɗaya, kujeru 670.

Ga amfanin abin a wajensa. Da, babban birni mazaɓa guda ce mai wakilai biyu ko uku, ƙuri'un ma'aikatan masana'antu su danne na kowa. Da aka yanka shi gunduwa-gunduwa, unguwannin bayan gari inda akawuna, 'yan kasuwa da likitoci ke zaune suka zama mazaɓun kansu, kuma waɗannan suna tsoron duk abin da zai taɓa dukiya. Jam'iyyar masu gonaki ta sami kujeru a Landan da Liverpool da kewayensu. Kada kuma ka ɗauka kowa ya sami ƙuri'a: ko bayan 1884 kusan namiji huɗu cikin goma ba ya zaɓe, mace ko ɗaya ba ta zaɓen majalisa, mai dukiya a mazaɓu da dama kuwa yana jefawa a kowacce.

Makaminsa na biyu ita ce majalisar tasa. Hujjar da ya kafa ita ce, Iyayen Ƙasa suna da ikon tare duk babban ƙudirin da ba a gabatar wa jama'a a zaɓe ba, har sai an koma an tambaye su. Da wannan ya mayar da majalisar gado kamar mai kare ra'ayin jama'a, alhali jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a cikinta ko wa ya ci zaɓe.

Goggo Malama (Tudun Wada, Gombe):

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi, sai dai yanka mazaɓu kaɗai bai ba shi mulki ba. A zaɓen farko da aka yi da sababbin mazaɓun, ƙarshen 1885, Libaral ce ta zo gaba. Abin da ya buɗe masa ƙofa rikicin Ailan ne.

Wakilan Ailan 86 ƙarƙashin Parnell suka zama raba-gardama, Gladstone ya amince zai ba tsibirin majalisar kansa. Jam'iyyarsa ta dare biyu. A watan Yunin 1886 ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 343 da 313, 'yan Libaral 93 suka juya masa baya. Jagororinsu biyu ne kuma ba su yi kama ba: Hartington, magajin wani babban gidan masu filaye, da Joseph Chamberlain, ɗan masana'anta daga Birmingham wanda a baya shi ne mai zagin masu cin gado ba gumi. Gwanintar Salisbury ita ce riƙe waɗannan biyun shekara 16. Bai ce su narke cikin jam'iyyarsa ba. Ya yi musu alkawarin ba za a tsayar da ɗan takara a kujerunsu ba, har ya yi tayin yin aiki ƙarƙashin Hartington, aka ƙi. Sai 1895 suka shiga majalisar ministoci, Chamberlain ya zaɓi ma'aikatar ƙasashen mallaka. Ƙanena, ka riƙe wannan sunan, zai dawo a tambayarka ta biyu. A 1893 da Gladstone ya sake kawo ƙudirin ya tsallake Majalisar Wakilai, Iyayen Ƙasa suka kashe shi da ƙuri'a 419 da 41.

Ƙawancen yana da farashi, kuma masu filaye ne suka biya wani ɓangare. Dokar 1888 ta kafa zaɓaɓɓun majalisun gundumomi, ta karɓe gudanar da karkara daga hannun alƙalan sulhu, waɗanda galibinsu masu filayen ne. A 1891 aka mayar da firamare kyauta. Ba son ransa ba ne, amma ya gwammace ya ba da kaɗan da hannunsa da a ƙwace da yawa.

Ga kuma abin da ya fi ƙarfinsa. Jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi sun kwararo alkamar Amurka, Kanada da Rasha. Farashin ma'aunin alkamarsu na kwata, wanda ya ɗan haura buhu biyu, ya faɗo daga sama da sule 50 a 1877 zuwa ƙasa da sule 23 a 1894. 'Yan haya suka kasa biya, dole aka rage haya. Maganin da masu filaye ke so shi ne kuɗin fito kan alkamar waje, amma hakan zai tsadar da burodi ga mutanen birnin da yanzu yake nema da ƙuri'a. Bai taɓa ba. Abin da ya iya shi ne dokar 1896 da ta rage rabin harajin gunduma kan filin noma. Ko harajin gado da Libaral suka kafa a 1894, mai kaiwa kashi 8 cikin ɗari a manyan dukiyoyi, bai soke shi ba da ya dawo. A Ailan ma gwamnatinsa ce ta ware fam miliyan 5 a 1885 don manoma su sayi gonakin da suke haya, su biya cikin shekara 49, a gefe guda kuma ɗan 'yar'uwarsa Arthur Balfour yana murƙushe masu bore da dokar ta-ɓaci ta 1887.

Ni a ganina inda ya gaza shi ne magaji. Bayan zaɓen 1900 ya cika gwamnati da dangi: ɗansa, surukinsa, da Arthur Balfour da ƙanensa. Ya miƙa wa Arthur mulki a Yulin 1902, jam'iyyar ta tsage kan kuɗin fito, ta sha mummunan kaye a 1906, a 1911 kuma aka karɓe wa Iyayen Ƙasa ikon kashe ƙudiri, sai jinkirtawa. Bayansa ba a sake samun wanda ya tafiyar da gwamnati daga wannan majalisa ba.

Baffa Safiyo (Yalwa, Bauchi):

Samari, amsar tambayarka ta biyu ita ce yana da hannu, kuma hannun dama. Mafi yawan shekarunsa na firaminista shi ne kuma ministan harkokin waje: 1885 zuwa 1886, 1887 zuwa 1892, 1895 zuwa 1900. Ya san aikin tun taron Balin na 1878 kan rikicin Rasha da Turkawa. Duk layin da aka ja tsakaninmu da Faransa a waɗannan shekaru ta teburinsa ya bi.

Tushen da'awar Ingila a ƙasar Hausa takarda ce. A 1885 Joseph Thomson ya je Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Goldie, ya dawo da yarjejeniyoyi. Sakkwato ta ɗauki abin a matsayin izinin ciniki da ake biyan gaisuwa a kansa duk shekara. Kamfani ya kai takardun Landan a matsayin an sallama masa iko. Alhali tashoshinsa a bakin Kwara da Binuwai suke, irin su Lokoja da Ibi, ba shi da ko rumfa a Kano ko Bauchi.

Da wannan takarda Salisbury ya yi ciniki. A Yulin 1890 ya ba Jamus tsibirin Heligoland, ta bar masa Zanzibar. Faransa ta ce tana da tsohon haƙƙi a Zanzibar, sai an biya ta. Biyan shi ne sanarwar 5 ga Agustan 1890: Faransa ta sami Madagaska da duk abin da ke arewa da layi daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar Tafkin Chadi, da sharaɗin layin zai karkata ya bar wa kamfani duk abin da ke na masarautar Sakkwato. Ya gaya wa majalisa cewa abin da aka ba Faransa rairayin Sahara ne kawai. A wani jawabi a watan kuma ya faɗa da bakinsa cewa suna ta ba juna duwatsu da koguna ba tare da sanin takamaiman inda suke ba.

Matsala biyu layin ya haifar. Ba wanda ya fayyace iyakar Sakkwato. Gobirawan Tsibiri, Katsinawan Maraɗi, Kabawan Argungu da Damagaram ba sa bin Sarkin Musulmi, yaƙi ma suke da shi ko da sarakunansa, Borno kuma daula ce dabam. Bafaranshe Monteil ya ratsa Sakkwato, Kano da Kukawa a 1891 zuwa 1892, ya koma ya ba da labarin bai ga ikon kamfani ba. Ta biyu, layin bai ce komai ba game da yammacin Kwara. Nan rikicin Borgu ya taso: Lugga ya riga Faransawa isa Nikki a Nuwamban 1894, su kuma suka kafa soja a Busa a 1897. Chamberlain ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a shekarar, ya ɗora Lugga a kanta, yana shirye a gwabza. Salisbury bai ga abin yaƙi da Faransa a kan Kwara ba, hankalinsa yana kan Nilu da Masar. Ya so a daidaita a nan don ya tsaya ƙyam a can, kuma haka aka yi: yarjejeniyar Kwara 14 ga Yunin 1898, nasarar Ingila a yaƙin Omdurman na Sudan 2 ga Satumba, kafin ƙarshen shekara kuma Faransa ta janye daga Fashoda a bakin Nilu.

Dubi yadda aka zana iyakar 1898. Daga Kwara a bi Dallol Mauri har a haɗu da da'irar da aka ja daga tsakiyar birnin Sakkwato mai nisan mil 100, kamar an kafa turke an ɗaure igiya an zagaya. A bi bakan da'irar ta arewa har ta sake yanka layin digiri 14. A yi gabas mil 70, a sauko kudu zuwa digiri 13 da minti 20, a yi gabas mil 250, a koma digiri 14, a nufi Chadi. Babu rijiya, babu hanyar fatake, babu iyakar sarki ko ɗaya a cikin lissafin. Nikki ta tafi Faransa, Busa ta zauna hannun Ingila, Borgu ta rabu biyu har yau.

A ƙasa layin bai yi aiki ba. Bafaranshen da ke son zuwa Damagaram daga Kwara dole ya zagaye bakan ta inda babu ruwa. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899 bai ma zagaya ba, ya ratso ya ƙone Birnin Ƙonni, wanda a takarda yana ɓangaren Ingila. Sai a 1904, bayan mutuwar Salisbury, aka turo layin kudu aka bar wa Faransa Ƙonni da Maraɗi, ita kuma ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland. Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka kafa turakun iyaka daga 1906 zuwa 1908.

Game da yadda yake kallonmu, ba ɓoyayye ba ne. A 1888 ya ce bai ga Turawan Ingila za su zaɓi baƙin mutum ba, yana nufin Dadabhai Naoroji ɗan Indiya, wanda ya ci kujera a Landan a 1892. A Mayun 1898 ya raba ƙasashen duniya gida biyu, rayayyu da masu mutuwa, ya ce rayayyun za su yi ta cin yankunan masu mutuwa.

Ɗan Wunti:

Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. To shi ne ya ba da umarnin a shigo Bauchi?

Na Bajoga (Gombe):

A'a ɗan'uwa, a nan sai a bambanta. Tun Nuwamban 1900 ya sauka daga harkokin waje, lafiya ta yi ƙasa, yaƙin Afirka ta Kudu ya cinye hankalin gwamnati da kuɗi sama da fam miliyan 200. Arewa kuma ta koma ƙarƙashin ma'aikatar Chamberlain. Shawarar wane gari za a fara da shi ta Lugga ce da mataimakansa. Abin da yake na Salisbury shi ne matakai biyun da suka sa zuwan ya zama dole a wajensu.

Na farko iyakar da Baffa ya bayyana. Na biyu karɓe ikon kamfani. Rikicin Borgu ya nuna kamfanin ciniki zai iya jawo wa ƙasa yaƙi da Faransa, don haka aka soke izininsa daga 1 ga Janairun 1900. Aka biya shi fam 865,000, aka kuma ba shi rabin kuɗin da gwamnati za ta riƙa karɓa kan ma'adinai na shekara 99 a yankin da ke tsakanin Kwara da layin Yola zuwa Damagaram. Kuzar tsaunukan Bauchi tana cikin wannan yanki.

Dalilin gaggawar 1902 yana Borno. Faransawa sun kashe Rabe, wanda ya ci Borno da yaƙi, a Kusuri a Afrilun 1900, sannan suka bi ɗansa Fadarallah har Gujba suka kashe shi a Agustan 1901, cikin yankin da yarjejeniyar 1898 ta ce na Ingila ne. Layin da ba soja a kansa ba ya tare kowa. Hanyar Borno daga Binuwai kuwa ta Bauchi da Gombe ta bi. Kanar Morland da Wallace, mataimakin Lugga, suka taso daga Ibi suka iso Bauchi a Fabrairun 1902, aka shiga ba yaƙi, aka tuɓe Sarki Umaru bisa hujjar kisan da aka yi wa mutanen Gwaram. Daga nan suka shiga ƙasar Gombe suka kama Malam Jibrilla Gaini aka kai shi Lokoja, suka wuce Borno inda Shehu Garbai ya baro Dikwa ya dawo ɓangarensu.

Ƙarancin kuɗin ma yana da tasiri a kanmu. Baitulmalin Landan ba ya son kashewa, tallafin da ake ba Arewa kaɗan ne, Turawan mulki ƙalilan ne. Shi ya sa aka bar sarakuna da hakimai da alƙalai suna aiki, Razdan yana bisa kansu.

Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, duk zamanin Balfour ne. Haka Burmi da ke nan kusa da mu: harin Turawa na watan Mayu mutanen garin sun kore shi, na 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh ma ya mutu a wurin, ɗan Attahiru Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har Sudan. Salisbury ya mutu a Hatfield ranar 22 ga Agustan 1903. Rabin kuɗin ma'adinan nan kuwa an ci gaba da biyan magadan kamfanin har 1950, lokacin da gwamnatin Najeriya ta fanshi haƙƙin da fam miliyan ɗaya.